Kujerar mota ta biyu: lokacin da jariri ya fara zama yaro

Kujerar mota ta farko ba ta cika ba iyaye wahalar zaɓe ba, domin jariri sabon haihuwa ba shi da ra'ayi, kuma kowa ya yarda cewa kwance zai yi tafiya yana fuskantar bayan mota. Ta biyu ce ke kawo gardama. Daga shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi ƙafafun yaro sukan fara tokarar jinginar kujerar baya, nauyinsa ya sa ɗaukar kujerar da hannu ya zama aiki, shi kuma ya fara leƙe-leƙe yana son ganin abin da ke wucewa, sai masu ba da shawara su yi ca a kan iyaye cewa lokaci ya yi da za a juya shi ya kalli gaba kamar kowa. Ni a ganina wannan juyawar ita ce shawara mafi nauyi a cikin lamarin gaba ɗaya, kuma kujerar da ta fi dacewa a saya ita ce wadda za ta ba da damar jinkirta ta gwargwadon iko.

Dalilin yana cikin halittar yaron kansa. Kan ɗan wata tara yakan kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin jikinsa, alhali kan baligi bai wuce kashi 6 cikin 100 ba, kuma wannan babban kai yana zaune ne a kan wuyan da ƙasusuwansa ba su gama ƙwari ba, domin wani ɓangare nasu guringuntsi ne wanda sai cikin shekaru yake rikiɗa ya zama ƙashi. Idan mota mai gudun kilomita 50 a awa ta yi karo ta gaba, ƙarfin da jiki ke fuskanta daidai yake da na faɗowa daga tsayin kusan mita 10. Yaron da ke kallon gaba, madauri zai riƙe masa kafaɗu da ƙugu, amma kan ba abin da ya riƙe shi, sai ya fizgu gaba wuya ya ɗauki dukan nauyin. Ƙashin baya na iya miƙewa saboda taushinsa, laka kuwa da ke cikinsa ba ta jure irin wannan jan. Wanda ke kallon baya, ƙarfin karon tura shi yake yi cikin jinginar kujerar, kai da wuya da gadon baya su tafi tare a layi ɗaya, nauyin ya bazu a kan faffaɗan wuri. Da yake karon gaba shi ne mafi yawa a cikin munanan haɗurra, wannan bambanci shi ne ginshiƙin duk sauran maganar.

Wanda ya fara ɗaukar wannan tunani da muhimmanci shi ne Farfesa Bertil Aldman na ƙasar Suwidin, a farkon shekarun 1960, bayan da ya lura da yadda ake kwantar da 'yan sama jannati a kan bayansu domin su jure fizgar tashin kumbo. Daga nan 'yan Suwidin suka saba da barin yara suna kallon baya har wajen shekara huɗu, kuma ƙasar tana cikin waɗanda ke da mafi ƙarancin mutuwar ƙananan yara a mota. Suna ma da wani gwaji nasu na ganin dama mai suna Plus Test, wanda ke auna ƙarfin da ke sauka a wuyan yaro lokacin karo, kuma kujerun da ke kallon baya ne ke cin sa. Sauran duniya a hankali ta biyo. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce a 2011 a bar yaro yana kallon baya har shekara biyu, sannan a 2018 ta cire batun shekaru baki ɗaya, ta ce a bar shi har sai ya kai iyakar tsayi ko nauyin da kujerarsa ta yarda da shi.

Batun ƙafafu shi ne ya fi damun iyaye, kuma na fahimci dalili, domin babban mutum idan ya ga yaro ya tanƙwashe gwiwoyi ko ya miƙe ƙafa a kan jingina sai ya auna da jikinsa ya ji kamar takura ce. Amma duk wanda ya zauna ya kalli ɗan shekara biyu yana wasa a ƙasa zai gan shi yana naɗe ƙafafu ta hanyoyin da babba ba zai iya minti biyar a kai ba. Kan yaron ne ya kamata a duba. A yawancin kujerun Amurka ana so a bar aƙalla inci ɗaya, wato santimita 2.5, tsakanin ƙoƙon kan yaro da saman kujerar, a na Turai kuma ƙa'idar da aka saba ita ce kada kan ya haura bakin kujerar. Idan kai ya kai nan, ko nauyi ko tsayi ya kai lambar da aka rubuta a jikin kujerar, duk wanda ya riga, to an gama da wannan kujerar ko da yaron bai kai shekarun da aka zana a kwali ba.

Wannan lambar tana kan wata takarda da ake mannawa a jikin kujera, mai ruwan lemo a kujerun da ke bin ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya. Tsohuwar ƙa'ida, R44, da nauyi take aiki: kujerar jarirai har kilo 13, rukuni na ɗaya daga kilo 9 zuwa 18, na biyu daga 15 zuwa 25, na uku daga 22 zuwa 36. Matsalarta ita ce ta halatta juya yaro gaba tun yana kilo 9, nauyin da jarirai da yawa ke kaiwa kafin su cika shekara. Sabuwar ƙa'ida, R129, wadda aka fi sani da i-Size, ta fara aiki a 2013. Da tsayi take aunawa, ta wajabta kallon baya har wata 15, ta kuma ƙara gwajin karon gefe wanda babu shi a tsohuwar, kuma tun daga 1 ga Satumba 2024 aka daina sayar da kujerun R44 a Tarayyar Turai. Sai dai ya kamata a karanta wata 15 ɗin nan a matsayin mafi ƙarancin abin da doka za ta lamunta. Akwai kujeru masu yawa da ke ɗaukar yaro yana kallon baya har santimita 105 ko kilo 18, wanda ga matsakaicin yaro ya kai wajen shekara huɗu, akwai kuma waɗanda ake ɗaurewa da bel ɗin mota da ke kaiwa kilo 25 ko fiye. Iyayen da yaronsu dogo ne ko mai jiki, waɗannan ya kamata su fara nema.

Ba na cika sha'awar kujerun da ake tallatawa cewa za su ɗauki yaro tun daga haihuwa har shekara goma sha biyu ba. Takalmi ana iya saya wa yaro da ɗan girma don ya cika shi nan gaba, amma kujerar mota aikinta ya dogara ne da yadda ta zauna wa jikin da ke cikinta yau, kuma abin da aka ƙera domin ya yi wa kowane girma yakan gaza a wani matakin, galibi ta hanyar iyakar kallon baya da ba ta da yawa. Kujeru masu juyawa zuwa wajen ƙofa kuwa suna da amfani na gaske ga bayan uwa ko uba, muddin ana tunawa a mayar da su a kulle kafin mota ta tashi.

Bayan kallon baya, abu na biyu shi ne ko kujerar ta shiga motar da za a sa ta, kuma wannan ba a sanin sa daga hoto. Kujerun baya na motoci sun bambanta wajen gangara, tsawon bel ya bambanta, kujera mai kallon baya kuma tana cin wuri har ta tilasta a matsar da kujerar gaba. Tsarin ISOFIX, wanda ya fara fitowa a 1997 a cikin Volkswagen Golf, ƙugiyoyi ne biyu na ƙarfe da ke ɓoye a tsakanin mazauni da jingina, kujerar yaro ta cafke su kai tsaye. A Amurka makamancinsa ana kiran sa LATCH. Fa'idarsa ita ce yana rage kuskuren ɗauri, amma bel ɗin mota idan an bi da shi ta inda aka nuna aka kuma ja shi sosai ba ya kasa shi. ISOFIX yana buƙatar abu na uku da zai hana kujerar kifawa gaba, ko dai ƙafar tokari da ke sauka a daɓen mota, wadda ba a ɗora ta a kan murfin ma'ajiyar ƙasa sai littafin motar ya yarda, ko kuma igiyar sama da ake maƙalawa a bayan kujera. Wannan igiya ita ce aka fi mantawa da ita idan an juya yaro gaba, alhali tana rage fizguwar kai da santimita 10 zuwa 15, tazarar da za ta iya raba goshin yaro da bayan kujerar direba. Idan an gama ɗauri, sai a kama kujerar daidai inda bel ko ƙugiya ta riƙe ta, a girgiza ta gefe da gefe da kuma gaba. Idan ta motsa fiye da santimita 2.5 sai a kwance a sake. Kujera mai kallon baya ba a taɓa sa ta a gaba inda jakar iska ke kunne, domin jakar za ta doki bayanta daidai inda kan yaro yake.

Sauran aikin na kullum ne, kuma a nan ne kujera mai sauƙin sarrafawa ke fin mai kayan ado, ba girin-girin ba dai ta yi mai. Madaurin kafaɗa yana fitowa ne daga daidai kafaɗa ko ɗan ƙasa da ita idan yaro na kallon baya, daidai kafaɗa ko ɗan sama idan yana kallon gaba, kuma yaro mai girma yana bukatar a riƙa duba wannan lokaci lokaci. Shi ya sa na fi son kujerar da madaurinta ke hawa tare da matashin kai da hannu ɗaya, ba sai an zare shi ta baya an sake zurawa ba. Bayan an ƙulla, a sa babban yatsa da manuni a kan madaurin a saman kafaɗa a gwada tsunkule shi: idan ya naɗu a tsakanin yatsun to da saura, idan yatsun suka zame to ya yi. In kujerar tana da maƙalin ƙirji, daidai hammata ake ajiye shi. Riga mai kauri ta sanyi a cire ta tukuna, domin tana lotsewa lokacin karo ta bar sarari tsakanin jiki da madauri. A lulluɓa bargo a sama bayan an ɗaure.

Kujerar hannu da ba a san tarihinta ba ina ganin a haƙura da ita, saboda tsagewar da haɗari ke bari a cikin roba ba kullum ake ganin ta da ido ba. Masu ƙerawa kuma suna sa wa'adin amfani, yawanci shekara 6 zuwa 10, kuma ranar ƙira tana buge a jikin kujerar.

Akwai wata gaggawar da ke jiran iyaye a gaba, wato fitar da yaro daga madauri mai rassa biyar zuwa kujerar ɗagawa da ke amfani da bel ɗin mota. Ƙa'idar R129 ta yarda da ita daga santimita 100, amma sharaɗin da ba a rubuta a takarda shi ne yaron ya iya zama tsaf tun daga farkon tafiya har ƙarshenta, ba ya zura hannu ƙarƙashin bel, ba ya zamewa ƙasa idan barci ya ɗauke shi, domin bel ɗin cinya idan ya hau kan ciki sai ya matse hanji maimakon ƙashin ƙugu. Kujerar ɗagawa mai jingina ta fi matashi zalla, saboda tana daidaita bel a tsakiyar kafaɗa tana kuma kare kai daga gefe. A Birtaniya doka ta wajabta kujerar yaro har shekara 12 ko santimita 135, wasu ƙasashen Turai kamar Jamus sun kai ta santimita 150, a Amurka kuma ana ba da shawarar a jira wajen santimita 145 kafin a bar yaro da bel ɗin manya kaɗai, yana zaune a baya har ya kai shekara 13.