Ƙona ƙarin mahaifa da sauti: abin da alƙaluman bincike ke faɗa da wanda suke ɓoyewa

Tambayar ta fara yawa a ɗakunan duba mata na Maradi: "Likita, wai akwai na'urar da ke kashe fibrom ba a tsaga ciki ba?" Fibrom shi ne ƙarin mahaifa, na'urar kuwa akwai ta. Sai dai matar da ke zaune gabanka, takardar eko a hannu, cikin idonta fari fat don jinin da ta zubar, tana bukatar amsar da ta fi "akwai" tsawo.

Aikin na'urar kamar na gilashin ƙara girman rubutu ne da yara ke tara hasken rana da shi su ƙona kara. Sauti ne irin na eko, wanda kunne ba ya ji, amma an ƙara masa ƙarfi an tattara shi a ɗigo guda mai girman ƙwayar shinkafa. A wurin zafi yana haura digiri 60 cikin daƙiƙoƙi, naman ya mutu. Mace tana kwance rub da ciki, ana bin ƙarin ɗigo bayan ɗigo ana kallo da IRM (na'urar ɗaukar hoton cikin jiki da maganaɗisu) ko da eko, aikin ya kan ci awa biyu zuwa uku. Amurka ta amince da na'urar ExAblate don ƙarin mahaifa tun 2004.

Darasin farko da karatun bincike ke koyarwa shi ne a tambayi wa ya zaɓi wa. Babban binciken Sin da aka buga a 2018 ya bi mata 2,411 a asibitoci 20. Manyan matsaloli sun sami kashi 0.2 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa sauti, da kashi 12.6 na waɗanda aka yi wa tiyata. Wanda ya ga wannan zai ce magana ta ƙare. Amma ba ƙuri'a ce ta raba matan ba, su suka zaɓa bayan an yi musu bayani. Mai ƙaramin ƙari guda ɗaya ta fi karkata ga sauti, wadda cikinta ya cika ta fi faɗawa hannun mai wuƙa. In ka sa rago da akuya a ma'auni, ba ka gwada kiwo ba.

Na biyu: me aka auna, kuma yaushe? In kwanan asibiti da komawa aiki aka ƙirga, sauti ne kan gaba nesa ba kusa ba. In aka dawo bayan shekara biyu ko uku aka tambayi wa ta sake bukatar wani aiki, hoton ya kan sauya. Binciken Amurka da ya gwada sauti da toshe jijiyoyin da ke ciyar da ƙarin ya nuna waɗanda aka yi wa sauti sun fi komowa. Dalilin a fili yake: ana barin gefen ƙarin don kada a ƙona abin da ke maƙwabtaka da shi, gefen nan kuwa yana da jini, ya kan sake tofowa. Shi ya sa bayan aiki ake sa allurar da ke haska jini a IRM a auna kason da ya mutu. In ya kai kashi 80, ana sa rai. In rabi ne, a shirya ganinta nan gaba.

Misalin bincike mai kyau ya fito daga wani fannin. A 2016 Jeff Elias na jami'ar Bajiniya da abokan aikinsa suka raba masu rawar hannu 76 da ƙuri'a. An sanya wa kowa hular na'urar da ke aika sautin cikin ƙwaƙwalwa, amma wasu ba a sakar musu sautin ba, kuma ba su sani ba. Bayan wata uku rawar ta ragu da kashi 47 ga waɗanda aka yi wa na gaske, sauran suna nan yadda suke. Ba su ɓoye illa ba: bayan shekara, kashi 14 na jin ɗaurewar fata, kashi 9 tafiyarsu ba ta daidaita ba. Irin wannan rahoton ne ya cancanci a dogara da shi.

Abin da ya fi damuna shi ne matan da ke cikin waɗannan takardu ba su yi kama da namu ba. Ƙari ya fi yawa ga baƙar mace, yana fitowa da wuri, kuma tamu ta kan zo daga Tibiri ko Dakoro bayan shekaru tana shan jiƙe-jiƙe, ƙari bakwai ko goma, mahaifa ta haura cibiya. Wannan ba ta sauti ba ce. Haka mai tabon tiyatar haihuwa, don tabo na shan sauti ya ƙone fata. Hanji in ya gitta hanya iskar cikinsa na iya sa a huda shi, dole a cika mafitsara da ruwa a ture shi gefe. Ƙarin da ya kwanta kusa da ƙashin baya na iya ɗumama jijiyar ƙafa, mace ta tashi da ciwo har tafin sawu. Wanda ya fito fari a IRM jini ya yi masa yawa, yana kwashe zafin kafin ya ƙona. Ko gashi ɗaya da ba a aske ba yana riƙe kumfar iska ya bar ƙuna.

Kuma sauti ba ya fito da nama a kai ɗakin gwaji. In mace ta daina al'ada amma ƙarin na girma, kada a ƙona abin da ba a san ko ciwon daji ba ne.

Don haka kafin iyali su sayar da buhunan gujiya ko gona su nufi waje, a rubuta musu abu huɗu a takarda: yawan ƙarin, girman babban a santimita, inda yake kwance, da ko tana son haihuwa. A auna jininta, in ya yi ƙasa a fara maganin ƙarin jini tun yau. Mai ƙari da yawa da ke neman ɗa, tiyatar cire ƙarin a bar mahaifa ta fi tsayayyar shaida, kuma ana yin ta a nan Maradi.