Rigimar tuta da daula, da abin da na ɗauka kafin in ajiye aiki

Tunda na riga na miƙa takardar ajiye aiki, wasunku sun nemi in rubuta wa wanda zai gaje ni a sashen bincike abin da na koya. Mafi yawansa a kan rigimar ɓangarorin wasa ne, wato daulolin da mai wasa ke zaɓa a wasan kwamfutar da muke haɗawa. Duk wanda yake kamfanin a lokacin ya ji ƙurarta, amma ba kowa ya san inda ta samo asali ba.

Wasanmu an gina shi ne a kan ƙarni na 13 zuwa na 16: doki, kwari da baka, ganuwa, ayarin fatake, sai bindiga can wajen ƙarshe. A kan haka na haɗa jerin daulolin, kuma kowacce na nema mata abin da babu mai yinsa kamarta. Mali ƙarfinta a zinariya da gishirin da ke ratsa Sahara. Mongol sansaninsu yana tashi ya bi rundunarsu, ga zangon sauya dawaki da ke sa saƙo ya riga na kowa isa. Aztek ba su da doki ko ɗaya, dole mai wasa da su ya sake lissafin yaƙi tun daga tushe. Usmaniyya kuwa sai an yi haƙuri da su har su kai ga manyan igwa irin waɗanda suka daki ganuwar Kustantiniya (Istanbul ta yau) a 1453. Masu gwaji suna iya gane da wa suke karawa tun kafin su ga suna, daga yadda abokin gaba ke motsi kawai. Har yau ban yi aikin da nake alfahari da shi kamar wannan ba.

Sai aka kawo mana sabon oga daga sashen talla. A taronsa na farko ya ce mutane tutarsu suke saye, ba tarihi ba. A cire Usmaniyya a sa Turkiyya, a cire Aztek a sa Meziko, a ƙaro Amurka da Jamus da Brazil, domin can masu saye suke. Hujjarsa wani sanannen wasan gina daula mai suna Civilization: tun fitowarsa ta farko a 1991 akwai Amurka a ciki, Abraham Lincoln yana kafa birni shekara 4000 kafin haihuwar Annabi Isa, babu wanda ya mayar da wasan. Ya ƙara da cewa an sa Ostareliya a 2017, an sa Kanada a 2019, kuma an saya.

Ba ƙarya ya yi ba, amma ba nan gizo ke saƙa ba. Civilization yana tafiya ne daga zamanin dutse har zuwa harba kumbo, saboda haka ƙasar da ba ta da komai a farko tana da lokacin da za ta yi tashe a ƙarshe. Namu wasan yana rufewa kafin 1600. Amurka sai 1776 ta ayyana 'yancinta, Jamus sai 1871 ta zama ƙasa ɗaya. Na ce masa, "Oga, wane soja zan ba Amurka a shekarar 1300?" Ya ce in ba su mahaya masu faffaɗar hula, ai wasa ne ba aji ba. Aka yi dariya, aka wuce.

Ku buɗe jadawalin daidaita ƙarfi na bayan wannan taron ku gani. Layin da a da aka rubuta yadda kowace daula ke ci da ƙasa, ya koma lambobi zalla: wannan a ƙara wa dokinta gudu kashi 5 cikin 100, waccan a rage mata kuɗin gini kashi 10. Ɓangarorin duk suka zama abu guda, launin tuta ne kawai ya bambanta su. Ɗaya daga cikin masu gwaji ta rubuta a rahotonta cewa ta yi rabin wasa kafin ta lura ba ƙasar da ta yi niyya ta zaɓa ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne taswira. Daular da ta shuɗe za ka iya barin launinta ya dushe a gefe, domin ita kanta iyakarta ba a shata take da layi ba. Ƙasar yau kuwa tana da layi, tana da gwamnati, tana da masu jiran su ga inda ka ja shi. Na rubuta masa takarda na lissafa wuraren: Kashmir, Taiwan, Kirimiya, Yammacin Sahara. Na tuna masa cewa a 2004 ƙasar Sin ta haramta wasan Hearts of Iron saboda taswirarsa ta nuna Tibet da Manchuriya a matsayin ƙasashe masu cin gashin kansu, duk da cewa zamanin yaƙin duniya na biyu wasan yake nunawa. Ya yi kunnen uwar shegu da ita. Da lauyoyin kamfanin da zai rarraba wasan suka dawo mana da taswirar, aka ɗage ranar fitarwa, sai ya miƙe a gaban shugabanni ya ce sashen bincike bai taɓa jan kunnensa ba. Takardar tana cikin imel ɗinsa, da kwanan wata. Mutanen da na sa a kwafi suna zaune a ɗakin, kowa ya sunkuyar da kai yana duba wayarsa. Haka aka shafa mini kashin kaji, shi kuma aka ƙara masa girma da taken wanda ya ceto aikin.

Kada wanda zai gaje ni ya ɗauka daulolin tarihi ba su da masu su. Masu Civilization V sun shirya sa al'ummar Pueblo, 'yan asalin Amurka, dattawansu suka ƙi, aka maye gurbinsu da wata al'ummar 'yan asalin, Shoshone, a 2013. A 2018 wani jigo na al'ummar Cree ta Kanada ya koka da yadda aka sa shugabansu na da, Poundmaker, a wasan mamayar ƙasa ba tare da an tuntuɓe su ba. Wasan Age of Empires II ya daɗe da dunƙule Indiya a ɓangare guda, sai 2022 aka raba shi huɗu. Kuma ƙasashen zamani suna zama daram inda zamanin nasu ne: a Hearts of Iron IV, da ke farawa a 1936, man fetur da ƙarfe da yawan masana'antu sun isa su bambanta Jamus da Japan. Na taɓa kawo shawarar a riƙa sauya al'umma daga zamani zuwa zamani, irin abin da wasan Humankind ya yi a 2021, aka ce tsada. Da Civilization VII ya fito da shi a 2025 na ga ogan yana yaba shi a taro kamar ranar ya fara ji.

Sauran shawarwarina ba su da yawa. A tsayar da shekarun wasa kafin a rubuta sunan ɓangare ko ɗaya. A ba masu zane hoton abin tarihi na gaske, in ba haka ba za su zano abin da suka gani a wani wasan. A karanta rahoton masu gwaji, su ne kaɗai ba sa tsoron kowa. Gargaɗin da ka rubuta kuma, ka karanta shi da bakinka a taro a sa shi a cikin bayanan taron, domin imel ɗin da ba a amsa ba, a wannan kamfanin, kamar ba a aiko shi ba ne.