Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Lamba Uku

Assalamu alaikum masu bibiyata. Makon jiya mun tsaya inda sakamakon shekarata ta farko a NCE, wato karatun malanta a kwalejin ilimi, ya fito lafiya lau, har Baba ya sa aka yanka zakara. Yau za mu shiga shekara ta biyu, wato 2008, wadda har gobe in na tuna ta sai na ji wani nauyi a ƙirjina.

Ga wanda bai yi kwalejin ilimi ba, shekara uku ake yi, kowace shekara zango biyu. Kowane kwas maki 100 ne, 40 na gwaji da aikin gida, 60 na babbar jarrabawa. Wanda ya faɗi kwas ya ɗauki kariyoba ke nan, baɗi sai ya zauna da ƙannensa ya sake. Wannan kunyar ce ke hana ɗalibai barci in an kafa jadawali.

Kwasa-kwasan sashen ilimi dole ne ga kowa, ko me kake karanta, don haka zauren cika yake yi maƙil. Bencin mutum uku sai a jera biyar, masu tsaro kuwa ba su taka kara sun karya ba. A nan na ga satar amsa iri-iri. Akwai masu rubuta darasi guda da ƙananan haruffa a 'yar takarda, su nannaɗe su cusa a safa, ko ɗankwali, ko bakin hula. Akwai mai rubutu a tafin hannu tsakanin zanen lalle. Wasu tun da sassafe suke zuwa su cike benci da biro, wasu kuma 'yar Nokia ce a cinya ana turo musu saƙo. Mafi ƙarfin hali shi ne sojan gona, a ɗauko wani ya zauna da katin wani. Ba na wanke wasu malaman ma. Wanda ya ce sai ka sayi handawut ɗinsa kafin ka ga makin gwajinka, da wane baki zai yi wa ɗalibi wa'azin gaskiya?

Wani dattijon malaminmu kan tsaya kafin kowace jarrabawa ya ja mana kunne. Yakan ce cutar ta girme mu, don tun 1977 tambayoyin WAEC suka fita har abin ya girgiza ƙasa. A 1984 gwamnatin soja ta yanka ɗaurin shekara 21 ga mai maguɗi, a 1999 kuma aka yi doka ta musamman mai lamba 33 a kan laifin. Mu dai kurkuku nesa muke ganinsa. Abin da muke tsoro shi ne fom ɗin nan da ake miƙa wa wanda aka kama ya cike da hannunsa, daga nan sai kwamiti, daga kwamiti sau da yawa sai kora.

Ina da aminiya. Tare muka yi firamare a Gwammaja, tare muka yi sakandare, kullum A Daidaita Sahu ɗaya muke shiga zuwa makaranta. A tsakiyar zangon nan mahaifiyarta ta samu shanyewar ɓarin jiki aka kwantar da ita a Asibitin Murtala. Ita ce babbar mace a ɗakinsu, jinya ta faɗo kanta. Lakca ta gagare ta. Sauran kwasa-kwasan tana iya haddacewa, don tana da ƙwaƙwalwa, amma akwai kwas ɗin auna ƙwazon ɗalibai, mai lissafin ƙididdiga, wanda in ba a gabanka aka warware shi a allo ba sai ka ga kamar wani yare ne.

Ana saura mako guda, muna tsaye a bakin titi muna jiran abin hawa, ta kamo hannuna.

"Ƙawata, ranar Laraba a bayanki zan zauna. Ba sai kin yi magana ba. Ki ɗan janye hijabinki, ki karkata takardar, shi ke nan."

Na ce, "Don Allah ki yi haƙuri, wannan kam ba zan iya ba. Ki zo gidanmu mu kwana a kansa, wallahi zan koya miki."

Ta dube ni ta ce, "Ke kin san inda nake kwana. A tabarma, a barandar asibiti."

Ban samu abin cewa ba. Na dai tuna mata cewa akwai hanya: ta karɓi takardar likita, ta rubuta wa shugaban sashe a ɗage mata jarrabawar. Ta ce an sa ranar aurenta da zarar ta gama, ba za ta ƙara ko wata ɗaya a makaranta ba. Da yamma na riƙa ɗaukar littafina ina bin ta asibitin. Mukan zauna a gefen gado in warware mata lissafi a bayan takardar magani, ta gyaɗa kai, amma idonta na kan robar ƙarin ruwa. Na san abin ba ya shiga.

Da na kai maganar gida, Inna ba ta goyi bayana ba ko kaɗan. Cewa ta yi, "Ke kuwa wace irin zuciya gare ki? Yarinyar nan tare kuka yi wasan ƙasa, uwarta na kwance. In ta leƙa takardarki me zai rage ki?" Maganar ta soke ni, domin Inna ba mai son ƙarya ba ce, tausayi ne ya yi magana a bakinta. Kuma mafi yawan satar amsar da na gani ta wannan ƙofar take shigowa. 'Yar unguwarku ce, ɗan ƙanin babanku ne, wadda ta ranta miki kuɗin mota jiya ce. In kin ƙi, sunanki mai baƙin ciki.

Baba yana jin mu bai tanka ba sai bayan isha'i. Shi ɗan kasuwar hatsi ne a Dawanau, rayuwarsa duk tsakanin buhu da kwanon awo ta ƙare. Ya kira ni ya kawo mini hadisin da Muslim ya ruwaito: Annabi (SAW) ya wuce wani tarin abinci a kasuwa, ya zura hannu sai yatsunsa suka taɓo danshi. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Ya ce me ya hana ka ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani? Wanda ya yi ha'inci ba ya tare da ni. Sannan Baba ya ce, "Uwata, takardar da za a ba ku, da ita za a ɗauke ku koyar da 'ya'yan mutane a firamare. Ni in na yi shakkar buhu ina sa a zazzage. Uban da ya kawo ɗansa aji ba shi da yadda zai zazzage malama. Ki taimake ta da duk abin da kike da shi, ban da wannan."

Ranar Laraba ta zauna a bayana kamar yadda ta ce. An raba takardu, zaure ya yi tsit sai ƙarar fanka. Can na ji kan biro a gadon bayana, sau ɗaya, sannan a hankali, "Lamba uku." Lamba uku na gabana, na riga na gama ta, layi-layi. Motsi kaɗan kafaɗata za ta yi. Na dafe takardar da hannun hagu na ci gaba da lamba huɗu, hawaye na ɗiga har tawada ta ɗan baje. Ta sake taɓa ni. Daga nan ba ta ƙara ba.

Ana cikin haka sai wadda ke damana, wadda fuska kawai na sani, ta sunkuya kamar tana gyara takalmi. Malama mai tsaro ta taho ta baya ba wanda ya ji takunta, ta ce, "Ba ni abin da ke hannunki." Yarinyar ta durƙusa tana cewa, "Malama ki rufa min asiri, don girman Allah." Aka kawo fom, hannunta na rawa ta cike, aka maƙala 'yar takardar a jikin littafin amsarta. Kafin malamar ta wuce, ta rubuta lambobin waɗanda ke zaune dama da hagu da ita. Tawa na ciki.

Aminiyata ta miƙa takardarta tun lokaci bai cika ba. Da na fito na hango ta a bakin get tana shiga A Daidaita Sahu, na ƙwala mata kira ba ta waiwayo ba. Washegari na je asibiti da kunun gyaɗa da Inna ta dama, ƙanwarta ce ta karɓa ta ce Yaya ta fita. Takalminta na gani a ƙarƙashin gado.

Da muka dawo hutu aka kafa sakamako. Ta ci komai sai wannan kwas ɗin. Ina tsaye ina duban lambarta, wata 'yar ajinmu ta dafa ni ta nuna mini wata takarda a ɗaya gefen allon: kwamitin binciken maguɗin jarrabawa yana neman masu waɗannan lambobi ranar Litinin da ƙarfe 10 na safe. Tawa ce ta biyu.

Yadda zaman ya kasance, da tambayar da shugaban kwamitin ya yi mini a kan wadda ke bayana, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.