Kula da kantar giranit, sinki da famfon kicin a gidajen Bauchi

Duk wanda ya gina gida a Bauchi cikin shekarun nan, daga Fadaman Mada zuwa Yelwa, da wuya ka shiga kicin ɗinsa ba ka tarar da kantar giranit ba. Dutsen kansa ba abin a tausaya masa ba ne. Danginsa ne duwatsun da suka kewaye garin nan, suna shan rana da ruwan sama tun kafin a kafa ganuwa. Idan kicin ya lalace bayan shekara uku ko huɗu, da wuya ka ga tsakiyar dutsen ne ya mutu. Ɓarnar tana farawa ne a bakin sinki, a gindin famfo, da cikin durowar da ke ƙasa, kuma abu uku ne ke kawo ta: ruwan da ke kwana inda bai kamata ba, yashin da ke biyo bututu daga tanki, da magungunan wanki masu ƙarfi da ake ganin su ne tsafta.

Kafin komai, a tabbatar da abin da aka shimfiɗa. Masu sayarwa da yawa mabul suke ce wa duk dutse mai sheƙi, alhali kulawarsu ba ɗaya ba ce. A ma'aunin taurin duwatsu na Mohs, mai hawa 10, mabul yana wajen 3, giranit kuwa tsakanin 6 da 7. A nemi guntun da ya rage bayan yanka, a ɗiga masa lemun tsami, a bar shi minti 5. Idan wurin ya yi ƙananan kumfa ko sheƙinsa ya dushe, mabul ne ko danginsa, kuma tsamiya da tumatir da zoɓo za su riƙa cinsa. Giranit na gaske ba zai nuna komai ba. Idan baƙi ne, a goga masa farin tsumma da aka jiƙa da asiton, wato ruwan goge farce. Tsumman ya yi baƙi, to rina dutsen aka yi, kuma zai koɗe a hankali.

Giranit yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ta nan manja da man gyaɗa ke shiga. Gwajinsa ba wuya: a zuba ruwa kamar cokali biyu kusa da sinki, a jira minti 15, a goge. Idan wurin ya yi duhu, dutsen yana sha, yana bukatar maganin toshe ƙofofi da masu kayan gini ke kira sila. A nemi wanda ke shiga cikin dutse, ba wanda ke kwanciya a kai kamar banish ba, domin wannan ɓarewa yake yi. A wanke kanta, a bar ta ta kwana a bushe, a shafa maganin da tsumma mai tsabta har dutsen ya jiƙe, a jira minti 10 zuwa 15, sannan a goge duk ragowar kafin ya bushe. A nan mutane ke kuskure: suna barinsa ya bushe a sama da tunanin zai fi kamawa, sai kanta ta yi hazo-hazo tana danƙo. Bayan an gama, kada ruwa ya taɓa ta sai ta yi awa 24. Farin dutse da mai ruwan toka sun fi sha, wasu kan so a maimaita duk shekara. Baƙi mai tauri sau da yawa ba ya bukata sam, kuma idan gwajin ruwa bai nuna duhu ba, sayen maganin asarar kuɗi ce.

Wankin yau da kullum ruwan ɗumi ne da ɗigon sabulun wanke-wanke na ruwa, a ɗauraye, a tsane da busasshen tsumma. Omo yana barin farin saura, kanwa da hypo da khal, wato binega, kuma suna cinye maganin da aka shafa ko da ba su ci dutsen ba. Lokacin hunturu akwai ƙarin abu guda. Ƙurar da ke sauka da dare tana ɗauke da ɓarɓashin yashi mai tauri daidai da dutsen, don haka jan tukunya ko goga busasshen tsumma a kanta yana dusashe sheƙi sannu a hankali. A fara kwashe ƙurar da jiƙaƙƙen tsumma.

Idan manja ya riga ya shiga ya bar tabo mai duhu, gogawa ba za ta fitar da shi ba, sai dai a jawo shi. A kwaɓa bekin soda da ɗan ruwa ya yi kaurin kunun gyaɗa mai kauri, a shafa a kan tabon ya kai kamar rabin santimita, ya ɗan wuce gefensa, a rufe da leda a manne bakinta da salatif. Bayan awa 24 a cire ledar, a bar kwaɓin ya bushe ƙayau, domin bushewar ce ke tsotso man. A kankare da cokalin roba, a wanke. Tsohon tabo kan so sau biyu ko uku. Tabon shayi, zoɓo ko kurkum a kan farin dutse, a kwaɓa da haidirojin da ake wanke ciwo da shi maimakon ruwa. Kada a yi wa baƙin dutse haka, yana iya sa wurin ya yi fari. Tsatsa ita ce mai taurin kai, kuma mafarinta gwangwanin tumatir ne ko gindin tukunyar gas da aka ajiye a jiƙaƙƙen wuri. Wasu magungunan cire tsatsa suna ɗauke da asid ɗin haidirofulorik, wanda ke cin giranit kansa, don haka a karanta jikin kwalba.

Tsagewa kuwa ba daga zafi take yawan zuwa ba, daga nauyi ce da duka. Falan mai kaurin santimita 2 ya kai kilo 54 a kowace murabba'in mita, mai santimita 3 ya haura kilo 80, amma duk nauyin nan ba ya lanƙwasa, karyewa yake. Wuri mafi rauni shi ne siririn bakin da ya rage gaba da bayan ramin sinki. A nan ne yara ke dafawa su hau, a nan ne ake taka ƙafa don ɗauko kaya a sama. Ƙaramin turmin jajjage da saran ƙashi ranar layya, wurinsu ƙasa ne. Idan kanta ta fito gaba ba abin da ya tallafe ta, kada fitowar ta wuce santimita 15 ga mai kaurin 2, ko 25 ga mai kaurin 3, sai an sa ƙarfen tokara. Tukunya mai zafi a sa mata katako, musamman kusa da wurin da aka haɗa falan biyu, domin gam ɗin haɗin ba shi da juriyar dutse.

Yanzu bakin sinki, inda na ce ɓarna ke farawa. Wasu magina suna cike tsakanin sinki da dutse da farin siminti. Ƙarfe yana buɗewa da ruwan zafi ya koma da sanyi, dutse ba ya bin sa, sai simintin ya tsage, ruwa ya riƙa bi yana sauka kan katakon ƙasa. Katakon durowa na matsattsen gari da zarar ya sha ruwa sai ya kumbura, kyankyasai su tare, gara ta biyo. Silikon ne maganin wurin, kuma a zaɓi marar warin tsami, domin mai warin khal yana iya barin tabo a gefen dutse. A yanke tsohon da reza gaba ɗaya, a goge da asiton, a bar wurin ya bushe, a ja layi ɗaya ba yankewa, a lallaɓa da yatsa, a hana amfani da sinkin kwana guda. Sabon silikon a kan tsoho ba ya kamawa. Sau ɗaya a wata a fitar da kayan da ke ƙarƙashin sinki, a shimfiɗa takarda, a cika sinkin a sake shi. Ɗigo ɗaya zai nuna kansa.

Sinkin ƙarfe marar tsatsa iri-iri ne. Mai lamba 304 yana da kashi 18 na kuromiyam da kashi 8 na nikel, ya fi mai lamba 201 jure gishiri, kuma bambancin kuɗin ya cancanta. Amma ko mai kyan ma abu uku ke kashe shi. Soson ƙarfe yana barin ɓarɓashinsa a jiki, ɓarɓashin ya yi tsatsa, a ce sinkin jabu ne. Hypo ko ruwan gishiri idan suka kwana a ciki suna yin ƙananan ramuka da ba sa gyaruwa. Na uku shi ne asid ɗin da masu tayil ke wanke ƙasa da shi bayan gini: ko tururinsa ya isa ya ɓata sinki da fatar famfo, don haka a yi wankin kafin a ɗaura su, ko a naɗe su da leda. A wanke da soso mai laushi, a bi layin ƙarfen, a tsane. Kuma kada a taɓa haɗa hypo da khal ko maganin wanke masai, iskar da ke tashi guba ce.

Toshewa daga girkinmu take. Manja da kitse da man shanu suna shiga a narke, su daskare a bututu, da hunturu ma tun ba su yi nisa ba. Ragowar tuwo, ruwan ƙullu da gasara su kwanta a kai, yashin alayyafo ya ƙara. A juye mai a gwangwani, a goge tukunya da takarda kafin wanki, a sa rariya a bakin rami, a wanke ganye a roba a zubar da ruwan waje. Idan ruwa ya fara jan jiki, a sa bokiti ƙarƙashin tarkon da ke ƙasan sinki, wato kwalbar roba ko lanƙwasar da ke riƙe ruwa don hana warin sokawe dawowa, a kwance da hannu, a wanke, a duba zoben roba ya zauna daidai kafin a mayar. Aikin minti 10 ne. Ba na son soda mai ƙuna a wannan wuri: tana ƙona hannu da ido, tana zafafa siririn fayif har ya lanƙwashe, wani lokaci ma ta mayar da kitsen sabulu mai tauri. Idan toshewar tana dawowa duk wata, a duba gangaren fayif ɗin. Ya kamata ya sauka aƙalla santimita 2 a kowace mita.

Famfo kuwa ruwanmu ne ke cinsa. Ko na dam ɗin Gubi ne ko na bohol, yawanci sai ya kwana a tanki, laka da yashi su taru a ƙasa. Famfon zamani mai hannu ɗaya yana aiki ne da faifai biyu na tangaran da ke goga juna a cikin katirij, wato ɗan ƙunshin da ke buɗe ruwa da rufe shi a cikin famfon, kuma ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta karce su ya fara ɗiga. Ɗigo ɗaya a daƙiƙa ya kai jarka mai lita 20 a rana, a tambayi mai sayen ruwa wurin 'yan garuwa abin da hakan ke nufi. A wanke tanki sau biyu a shekara, a sa matata mai tsawon inci 10 a bututun da ya fito daga gare shi. Idan ruwa ya dawo bayan ɗaukewa, a fara buɗe famfon tsakar gida har ya yi fari kafin na kicin.

Idan ƙarfin ruwa ya ragu, kada a yi saurin kiran mai gyara. A kwance ƙaramar rariyar da ke bakin famfo, a naɗa wa filaya tsumma don kada ta karce rariyar, a jiƙa rariyar a khal da ruwa rabi da rabi na awa ɗaya, a goge da tsohon buroshi. A yi wannan a kofi, nesa da dutse. Farin dattin da ruwan bohol ke bari a gindin famfo kuma a kankare shi da reza a kwance. Idan duk da haka ruwan ba ƙarfi, tsayin tanki ne: kowace mita 10 ke ba da matsin "bar" ɗaya, ma'aunin ƙarfin ruwa ke nan, tankin da ya ɗara famfo da mita 4 bai kai rabin haka ba, kuma famfuna da yawa na waje an yi su ne don matsin da ya fi wannan.

Canza katirij ba ya bukatar sayen sabon famfo. A rufe ƙaramin bawul ɗin ƙasan sinki, a ɓalle maɓallin ja da shuɗi, a kwance sukurun da ke ciki da alanki, a zare hannun, a kwance murfi da babban noti, a ɗago katirij ɗin. A tafi da tsohon kasuwa, domin akwai mai faɗin milimita 35 da mai 40, ƙafafunsu ma sun bambanta. Famfon murɗawa na da, washa ce ta roba ke cinyewa, kuma matse shi da ƙarfi ne ke saurin kashe ta. Ruwa na fita ta gindin wuyan da ke juyawa, zoben roba ne ya gaji. Farin tef na zare a naɗa shi ta ɓangaren da ake ɗaurewa, amma tiyo mai lanƙwasa da ke ƙasa ba ya bukatarsa, yana da washarsa. A ɗaure shi da hannu, a ƙara kwatan zagaye ɗaya da sifana. Tiyon nan shi ne ke fashewa da dare ya cika gida da ruwa, don haka da an ga tsatsa ko kumburi a jikin saƙarsa a canza. Bawul ɗin ma a riƙa murɗa shi duk bayan wata biyu ko uku don kada ya ƙage, kuma idan za a yi doguwar tafiya, Sallah ko aikin Hajji, a rufe shi, a toshe ramin sinki don ruwan tarko kada ya ƙafe wari ya shigo.