Laraba: yini guda tare da "let out"

Yau da safe na shiga ajin 'yan shekarar ƙarshe da muke shirya wa jarrabawar WAEC, kuma tun kafin in gama rubuta kwanan wata a allo wata ɗaliba ta yi tambayar da ta cinye mana darasin gaba ɗaya. Ta ce, "Malam, ka taɓa gaya mana cewa let out na nufin saki, amma a labarin da muka karanta jiya an rubuta she let out a cry, to ina sakin yake a nan?"

Na ji daɗin tambayar ƙwarai, domin irin waɗannan aikatau na Ingilishi masu tafiya da ƙaramar kalma a bayansu su ne suka fi wahalar da yaranmu. Na fara da ma'anar da ta fi fitowa fili, wato a buɗe wa abin da ke tsare hanya ya fita, kamar fursunan da aka sallama daga gidan yari, ko awakin da aka buɗe wa ƙofa da safe. Daga nan na tambaye su yadda Bahaushe zai faɗi abin da matar cikin labarin ta yi. Wani ya ce ta kurma ihu, wata kuma daga bayan aji ta ce ta saki ƙara, sai ajin ya yi tsit, domin sun gane cewa mu ma muna sakin ƙara da kuka da ajiyar zuciya, abubuwan da suke tsare a ƙirji har sai an ba su hanya. Haka sirri yake a Ingilishi, ana iya cewa he let out the secret, sai dai sau da yawa wannan ya fi kusa da suɓutar baki a kan tona asiri da gangan.

Na daɗe a kan ginin jimla, saboda a nan ake zubar da maki. Idan abin da aka saki wakilin suna ne, dole ya shiga tsakanin kalmomin biyu, a ce let him out, ba let out him ba. Sannan let ba ya sauya siffa a shuɗaɗɗen lokaci, don haka letted da nake yawan gani a takardunsu kuskure ne. Na kuma ja kunnensu kada su haɗa shi da let off, wanda ake amfani da shi idan an ƙyale mai laifi ba a hukunta shi ba, ko an yi masa sassauci.

Bayan la'asar na kai wa tela rigar makarantar ɗana da ta matse shi a kafaɗa. Ya juya ta ya duba ɗinkin, ya ce, "Malam, akwai rarar yadi a ciki, zan farke in buɗa ta." Wannan aikin ma let out ne sunansa a bakin telan Ingila, kishiyarsa kuwa, wato rage faɗin riga, take in. Na tsaya ina kallon yadin da aka naɗe a cikin ɗinkin, na ga shi ma tsararre ne da za a sake shi, kuma na yi fatan da ɗalibaina suna wurin, domin wannan ma'anar ce ba na jin za su iya hasashenta daga kalmar saki kaɗai.

A hanyar gida na wuce wani shago da aka rubuta To Let a ƙofarsa. A Ingilishin Birtaniya, wanda shi muka gada, mai gida yana let out ɗakunansa idan ya ba da su haya, yayin da a Amurka ake cewa school lets out idan an tashi daga makaranta.

Bayan sallar isha'i na rubuta jimloli 6, kowace da ma'anarta daban, da niyyar gobe su mayar da su Hausa. Ta huɗu a kan rigar ce, kuma tela ya yi alkawarin zai gama ta kafin in wuce makaranta, don haka zan shiga aji da ita a hannu.