Wasiƙa daga Bamingam ta Ingila: bindigar da kuka gani a hoto matacciya ce, da takardar shaidarta

Assalamu alaikum, mutanen Jos. Ina gaida na Dilimi da Gangare da Unguwar Rogo, da duk wanda ya san ni da baƙin hannu a bakin garejin maigidana. Lafiya lau nake, iyali ma haka. A yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa.

Tun ranar da na sa hoton fitilar nan da na ƙera da tsohuwar bindiga a Facebook wayata ba ta huta ba. Tambaya ɗaya ce ke ta dawowa, riga kawai take sakewa: wannan bindigar gaske ce? Ina ka samo ta? Ba za a kama ka ba? Kawu ma, da bai taɓa kirana da kuɗinsa ba, ya kira ya ce, "Kai yaro, walda aka ce mana ka tafi yi ko fashi?" Wasu sun haɗa da tambayar biza da kuɗin haya da yadda muke azumi a nan. Zan zo kansu in Allah ya yarda, amma bari in fara wanke kaina.

E, ta gaske ce, tsohuwa mai baki biyu irin ta harbin tsuntsaye. Na tsayar da ita a kan ƙafar keken ɗinki, na zagaye gindinta da haƙoran giya da sarƙar babur, na liƙa mata agogon awon tururi na wata tsohuwar tukunyar inji, na bi da waya ta cikin siririn bututun jan ƙarfe har sama inda ƙwan yake. Turawa na kiran irin wannan aiki sitimfank. Wani marubuci Ba'amurke ne ya ƙago kalmar a 1987, kuma rabinta na farko tururi take nufi. A ƙaddara duniya ta tsaya a zamanin injin tururi, zamanin Sarauniya Biktoriya da ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901, amma mutane suka ci gaba da ƙirƙira da kayan da ke hannunsu: kwamfutarsu ta tagulla, jirgin samansu yana cin kwal. Shi ya sa kayansu duk jan ƙarfe ne da fata da katako, kuma ba a rufe cikin inji, so ake a ga giya, a ga noti. Na je bikinsu da ake yi a garin Linkon a ƙarshen Agusta, na ga dattawa da furfura sun sa doguwar malafa, sun ɗora tabarau irin na masu walda a kai. Abin da nake sawa don kada idona ya mutu, su ado suke yi da shi.

Waldar fitilar kwana tara ta ɗauke ni. Takardunta wata huɗu.

A dokar ƙasar nan bututun wasu bindigogi shi kaɗai ma bindiga ne. Ko a bola ka tsince shi ya ci tsatsa, in ba ka da lasisi, ka shiga uku. Ƙananan bindigogin hannu kuwa an hana su tun 1997, bayan wani ya shiga makarantar firamare a garin Dunblane a 1996 ya kashe yara 16 da malamarsu, kuma wanda aka kama da irin haramtattun nan mafi ƙarancin abin da zai samu shekara biyar ne a gidan yari. Don haka kafin bindiga ta iso hannun irina sai an kashe ta. Haka nake cewa, don ban ga kalmar da ta fi dacewa ba. Dillali mai lasisi ne ke yi: ya tsaga bututun, ya cusa masa sandar ƙarfe ya walde, ya lalata allurar da ke dukan gindin harsashi, ya bi duk inda za a iya gyarawa ya ɓata. Daga nan a kai ta gidan gwajin bindigogi. Biyu ne kacal a ƙasar, ɗaya a Landan, ɗaya a nan Bamingam, wanda aka kafa tun 1813 kuma har yau yana aiki. Su duba, su buga hatimi a jikin ƙarfen, su ba da satifiket. In za ta sake hannu kuma, sai an cike fom an sanar da ma'aikatar cikin gida.

Kuna jin an gama? Wani tsoho maƙwabcinmu ya ga aikina ya ji daɗi, ya ce zai ba ni bindigar mahaifinsa kyauta. Matacciya ce, da satifiket ɗinta tun wajen shekara talatin da suka wuce. Na yi ta godiya har ina tunanin agogon bango da zan yi da ita. Ashe an ƙara tsaurara yadda ake kashewa, kuma tun 2017 wadda aka kashe a tsohon tsari ba a sayar da ita, ba a ma bayar da ita kyauta, sai an sake kashe ta. Gawa ce fa, amma sai an sake yanka ta. Muka tsaya ni da tsohon muna kallon juna ta saman shinge, ya mayar da abarsa ɗaki.

Da na gama fitilar wata mata a arewacin ƙasar ta saya. Kamfanin aika kaya na farko da suka ji kalmar bindiga suka ce a'a. Na biyu suka ce in turo hoton satifiket, na tura, suka ce in turo hoton hatimin, na tura, suka yi shiru kwana goma, sannan suka ce su ma a'a. Ƙarshe a bayan motar abokina muka kai ta, a naɗe da bargo, satifiket yana aljihun gabana, ina ta addu'a duk hanya. A wata kasuwar masu sana'ar hannu kuma mai shirya taron ya nemi takardar bindiga, da ta inshora, da shaidar cewa wayar lantarkin ba za ta kama da wuta ba. Ni da na yi shekaru ina jona injin walda da ɗanyen waya a Dilimi, ruwa na zuba.

Har gwangwan ma ba a bari haka nan ba. Tun 2013 mai sayen tarkacen ƙarfe ba ya biya da tsabar kuɗi, sai ta banki ko cak, kuma sai ya ga katin shaidarka ya rubuta sunanka, shi ma da lasisinsa na ƙaramar hukuma. Dalilinsu shi ne ɓarayi sun addabe su da satar wayar layin dogo da dalmar rufin coci. Ashe ba mu kaɗai ba ne. Da farko haushi ya kama ni, daga baya na tuna murafun kwalbati da wayoyin taransifoma da ke ɓacewa a gida, da yadda laifin ke faɗawa kan kowane yaro ɗan jari-bola ko da bai san hawa ba bai san sauka ba. Littafi guda da biro a gefen sikeli da sun raba ɓarawo da mai neman halak.

Wani abu da ban sani ba sai da na zo: garin nan yana da unguwar maƙeran bindiga, kuma a shekarun 1700 daga nan ake loda bindigogi masu araha a kai gaɓar Afirka ta Yamma a musanya da bayi. Dangin bindigar tokar nan ce da maƙeranmu suka ci gaba da ƙerawa, wadda muke wa kirari da harba-ka-ruga, wadda 'yan bindiga ke bugawa a hawan Sallah. Nakan bi ta unguwar in zan tafi aiki. Ba na jin daɗin wurin.

Abin da ya sa na fara taɓa bindiga ma ba Turawan malafa ba ne. Wata kujera ce na gani a gidan tarihin Birtaniya da ke Landan, a ɓangaren Afirka, shiga kyauta ne. Mazauninta da hannuwanta da majinginarta duk bindigogi ne aka yayyanka aka walde. Daga Mozambik take, ƙasar da ta yi yaƙin basasa daga 1977 zuwa 1992, wadda har yau akwai hoton AK-47 a tutarta. A 1995 wani limamin coci, Bishop Dinis Sengulane, ya fito da tsari: kawo bindigarka, a ba ka fartanya ko keken ɗinki ko keken hawa ko kayan gini. Abin da aka tara aka yanka, aka ba masu fasaha. Wani da ake kira Kester ya haɗa kujerar a 2001. Na daɗe tsaye a gabanta ina duba ɗinkin waldar, kuma a gaskiya maigidana da ya ga wasu wuraren sai ya sa an sake. Amma ban iya tafiya ba. Duk bindigogin da ke jikinta babu wadda aka ƙera a Afirka.

Mu da muka ga rikicin Jos na Satumbar 2001 da Nuwambar 2008 da Janairun 2010, ba sai an yi mana bayanin bindiga ba. Shi ya sa samarin da suka rubuto suna cewa za su gwada, ku saurare ni da kyau: kada wanda ya taɓa ta, ko ta toka ce, ko ta kakanka ce da ta shekara arba'in a rataye. Ni ina da hatimi da satifiket, duk da haka a bargo na naɗe tawa ina salati. Kai wace takarda za ka nuna a shingen soja a hanyar Bukuru? Za ka ce masa fitila ce? A Mozambik ma sai da aka karɓa aka yanka kafin mai walda ya sa hannu. In wata rana hukuma ta yi haka da waɗanda take ƙwacewa ta ce a zo, ni ne na farko a layi.

Kuma ma me za ku yi da ita? Abin da mutanen nan ke yawon nema da fam ɗinsu, ku kuna auna shi a sikeli. Jos garin kuza ne. Don kuza aka ja ƙaramin layin dogo daga Zariya ya iso Bukuru a 1914, ya yi aiki har 1957. Ku je gidan tarihi na kusa da gidan zu, wanda aka buɗe a 1952, ku tsaya gaban tsohon kan jirgin nan ku kalle shi da kyau: sitimfank ɗin ke nan gaba ɗayansa, ba a littafi ba. Ina yaro akwai gawar wani ƙaton injin haƙa a hanyar Barikin Ladi da muke hawa muna wasa. Zuwana gida na ƙarshe ko noti ban tarar ba, an yanka an loda a tirela. Haka ake yi da injin niƙa, da dutsen guga na gawayi, da fitilar ƙwai, da giyabos ɗin Peugeot 504, duk kilo-kilo zuwa wurin narka. A nan tsohon agogon awo guda mai fuskar tagulla sai ka yi ciniki kamar za ka sayi rago.

Hannun kuwa muna da shi. Wanda ya taɓa shiga Fanteka a Kaduna ya ga yadda ake fitar da murhu da tukunya da injin markaɗe daga abin da wani ya yar, ya san ba koya mana za a yi ba. Inda Turawan nan suka fi mu shi ne gamawa: su wanke tsatsa da burushin waya, su goge ɗinkin walda har ya ɓace, su shafa mai ko kakin da zai hana ta dawowa, kuma ba sa bulbula wa komai fenti mai ƙyalli. Mu da an haɗa sai a ce ya yi.

Wani malamina na Islamiyya ya tambaya, cikin ladabi, ko ba gumaka nake yi ba. Allah gafarta Malam, akwai masu yin mutum-mutumi da dabbobi, har ɗan ƙasarmu Dotun Popoola ya yi suna a kan haka. Ni ban shiga nan ba. Fitila nake yi, da agogo, da teburi, da kan jirgin ƙasa, kuma su ne ma suka fi tafiya, don mai saye yana son abin da zai kunna.

Batun biza, ba ni da hanya, kada kowa ya ba wani kuɗi da sunana. Haya tana cin rabin abin da nake samu. Azumi in ya faɗo lokacin sanyi da sauƙi, na bazara ne ke da tsawo. Sanyin kuwa, mu da muke yi wa Kanawa gorin sanyin Jos, a nan in ka kama ƙarfe da safe ba safar hannu sai ka ji kamar ya cije ka.

Saƙo ga ƙanena, tunda ya daina ɗaukar wayata: keken ɗinkin Inna da ke bayan ɗaki kada ka kuskura ka ba 'yan gwangwan, na ji labarin har an zo an taya. Ka shigar da shi inuwa, ka rufe da buhu. Injin niƙan da ke gidan Kawu kuma ka ɗauko min hotonsa ta gefen da rubutun yake, in ya tambaya ka ce ni zan biya.

Naku,
ɗan Dilimi a Bamingam