Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Layin Famfo a Kan Allo

Makon jiya na tsaya a inda aka ɗora mini duba aikin kammala digiri na 'yan aji huɗu a sashen lissafi. Yau ga yadda aikin yake tafiya, da misalin da na fi ba ɗalibai, wato layin ɗiban ruwa a rijiyar burtsatse.

Tambaya ake fara tsayarwa. "Matsalar ruwa a unguwa" ba ta lissaftuwa, sai an matse ta ta koma "Famfo nawa za a kafa don kada jira ya wuce minti goma?" Daga nan ɗalibi ya ɗauki agogo da littafi ya je bakin famfo ya ƙirga abu biyu: jarka nawa ke zuwa a awa, kuma minti nawa ake cika mai lita 25.

A ce minti 2 ne, famfon zai cika jarka 30 a awa ke nan. A ce 24 ke zuwa. Lissafin layi, wanda Erlang ɗan ƙasar Danmak ya aza harsashinsa a 1909 yana aiki da kamfanin tarho na Kofenhagen, ya ce a raba masu zuwa da ƙarfin famfo, a sake rabawa da ratar da ke tsakaninsu. Wato 24 a raba da 30, a raba da 6, ya ba da kusan 0.13 na awa, jiran minti 8 ke nan. Mayar da masu zuwa 29, sai jiran ya kai minti 58. Jarka biyar kacal aka ƙara! Duk ɗalibin da ya gano dalilin wannan tsalle da kansa, ba na jin tsoron ranar da zai kare aikinsa.

Inda ake zamewa kuwa shi ne zaton da ke ɓoye a cikin ƙa'idar. Ta ɗauka lokacin biyan buƙatar kowa yana bambanta ba tsari, kamar hirar waya. Famfo ba haka yake ba, minti biyunsa kusan kullum minti biyu ne, sai in tanki ya yi ƙasa. In lokacin tsayayye ne, jiran rabi yake komawa, minti 4 da minti 29.

Wasu kuma su haɗa ƙidayar yini guda su fitar da matsakaici, alhali cunkoson bayan asuba da na la'asar ne. In jarka 40 suka zo wa famfon 30, ƙa'idar ba ta aiki sam. Lambar da ke ƙasa da sifili za ta bayar, wani kuma ya kwafe ta cikin jadawali ko gezau. Abin da ke faruwa a fili, layin na ƙaruwa da jarka goma duk awa.

Sai mai garuwa. Ƙa'idar ta ɗauka ɗai-ɗai ake zuwa, shi kuwa ya turo kura da jarka 12, ya riƙe famfo minti 24, yaron da ke bayansa da bokiti ɗaya yana tsaye. Dole a ƙirga masu kura daban, a gwada ware musu famfonsu a cikin lissafin a ga ko jiran sauran zai sauka.

Ƙidayar kwana biyu ake ajiyewa gefe ba a taɓa ba, don gwaji. In hasashe ya saɓa mata, zaton ake komawa a bincika, ba a gyara lambobi. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga lissafin yaɗuwar ƙyanda.